BABI NA TARA: TSAFTA DA CIN ABINCI A WAJE A RAYUWAR HAUSAWA

9.0 Gabatarwa

Idan ana nazarin abincin Hausawa, akan fi mayar da hankali ga ire-irensa da yadda ake sarrafa shi da lokutan cinsa. Ba a cika tsayawa a kan wurin da ake cin abincin da hannun da ya dafa shi ba, alhali a nan ne aka fi samun sauyi. A da, tuwon da mutum zai ci yakan fito ne daga madafar gidansu ko ta maƙwabta. A yau kuwa ɗalibi da ma'aikaci da ɗan kasuwa da matafiyi sukan wuni ba su ci komai ba sai abin da suka saya, wanda ba su ga dahuwarsa ba, ba su kuma san wanda ya dafa ba. Wannan ya sa ƙorafi a kan tsaftar gidajen cin abinci ya zama ruwan dare.

Babin zai dubi wannan damuwa ta fuskar harshe da al'ada da kiwon lafiya. Ana sa ran a ƙarshensa ɗalibi zai iya:

(a) bambance tsafta da tsarki da ƙyama;
(b) bayyana yadda al'adar cin abinci a waje ta sauya a ƙasar Hausa;
(c) kawo hanyoyin da abincin sayarwa ke gurɓata;
(d) fayyace rawar da malami zai taka a makaranta.

9.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tsafta ita ce kawar da datti da dauɗa daga jiki da tufafi da muhalli da abinci. Kishiyarta ita ce ƙazanta. Bahaushe yana ɗaukar kalmar ƙazami ko ƙazama a matsayin zagi mai ciwo, musamman idan aka jingina ta ga mace mai girki.

Tsarki kalma ce da ta fi alaƙa da ibada, wato kawar da najasa domin ibada ta inganta. A fiƙihu, idan ana son sanin ko ruwa ya dace da yin tsarki, ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan ma'auni ne na ibada, ba a gina shi don gano ƙwayoyin cuta ba. Ruwa yana iya zama garau, babu wari, babu sauyin ɗanɗano, amma yana ɗauke da ƙwayar kwalara. Saboda haka ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba lallai ne ya dace a sha ba.

Ƙyama, ko ƙyanƙyami, ita ce gudun da rai ke yi daga abin da ido ko hanci ya ƙi. Wanda ya tsinci gashi a cikin miya zai ture kwano nan take. Sai dai ƙyama tana bin abin da aka gani ne kawai. Silin gashin da ya tafasa tare da miya bai kai hatsarin hannun da ya fito daga bayan gida bai ga sabulu ba, amma na farkon ake gani, shi ake yi wa faɗa. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da ake ƙyama da abin da ke cutarwa shi ne ginshiƙin wannan babi.

9.2 Cin Abinci a Waje Jiya da Yau

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Mata suna yin tuwo da waina da ƙosai da ɗanwake a cikin gida, yara su fita talla. Mahauta suna da tukuba, matan Fulani suna kawo fura da nono, fatake kuma suna samun abinci a zango. Duk da haka al'ada ba ta so a ga magidanci yana cin abinci a kasuwa ba. Akan ɗauki hakan a matsayin zubar da girma da kuma tona asirin iyali, domin za a ce ko dai ba a girki a gidansa, ko kuwa girkin ba ya ciyuwa. Gidan tuwo wuri ne na gwauraye da baƙi da matafiya.

Abin lura shi ne, a wancan tsari sanayya ce take tsare tsafta. Mai saye ya san gidan da abincin ya fito, matarsa ko ƙanwarsa tana shiga gidan, ta ga tsakar gida, ta ga randa da tukwane. Idan aka shaidi mace da ƙazanta, labari zai zaga unguwa, a daina sayen abincinta. Tsoron abin kunya ya yi aikin da doka take ƙoƙarin yi a yau. Kayan aikin ma suna da nasu tsari. Ana kwashe tuwo da mara, a rufe akushi ko ƙwarya da faifai, a ɗebi ruwan randa da moɗa.

Wannan tsari ya fara sauyawa da bunƙasar birane. Isowar layin dogo Kano a shekarar 1911, da kafuwar unguwannin baƙi irin su Sabon Gari, da yawaitar tashoshin mota da makarantu da ofisoshi, duk sun tara jama'a masu wuni nesa da gida. A yau akwai mai shayi da mai tsire a bakin titi, akwai rumfunan abinci a tasha da kasuwa da harabar makaranta, akwai kuma manyan gidajen cin abinci masu kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Kunyar cin abinci a waje ta ragu ƙwarai, har iyali sukan fita tare. To amma idon da yake sa ido a kan madafa ya ɓace. Mai ci yana zaune a gaba, ana girki a baya, tsakaninsu akwai bango.

9.3 Hanyoyin da Abinci ke Gurɓata

9.3.1 Hannu

Yawancin cututtukan ciki suna fitowa ne daga bayan gidan wani su shiga bakin wani, hannu ne kuma babban ɗan aikensu. A rumfar abinci akan ga mutum ɗaya yana karɓar kuɗi, yana ba da canji, yana kuma tsame nama da hannun. Masu ci su ma sukan wanke hannu a cikin kwano ɗaya bi da bi, ta yadda na ƙarshe yana wanke nasa ne da dauɗar waɗanda suka riga shi. Wankin hannu mai amfani shi ne wanda aka yi da sabulu, ana zuba ruwa daga buta ko famfo yana gangarewa.

Ba dole ne mai yaɗa cuta ya kasance maras lafiya ba. Misalin da ya fi shahara shi ne na Mary Mallon, wata kuku da ta yi aiki a gidajen masu hali a birnin New York na Amurka. A shekarar 1907 aka gano cewa gidajen da ta yi wa girki sukan kamu da zazzaɓin taifod, alhali ita lafiyarta ƙalau. Tana ɗauke da ƙwayar cutar ne a jikinta ba tare da wata alama ba. An killace ta har sau biyu, ta kuma rasu a killace a shekarar 1938. Darasin shi ne, kyan fuska da farin tufafi ba shaida ba ne.

9.3.2 Ruwa

Gidan abinci yana buƙatar ruwa mai yawa, ga shi kuma a wurare da dama saye ake yi daga 'yan garuwa. Saboda haka akan tanadi daro biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, a wuni ana tsoma kwanuka ba a sauya ruwan ba. Bayan wannan akwai abubuwan sha da ba sa komawa kan wuta bayan an haɗa su, kamar zoɓo da kunun aya da fura, da kuma ƙanƙarar da ake jefawa a ciki. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, yana dai rage mata saurin hayayyafa. Haka nan ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji, wani lokaci da ruwan kwatami ake ba su a lambunan gefen birni. Idan ba a wanke su da ruwa mai kyau ba, abin da ke lambun yakan iso faranti.

9.3.3 Lokaci da Zafi

Wannan ita ce hanyar da jama'a suka fi jahilta. Ƙwayoyin bakteriya sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salsiyas, zafin ƙasar Hausa kuwa a cikin wannan tazara yake kusan duk shekara. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu sukan ninka kansu a duk minti 20. Ke nan ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan 2 a cikin awa 7. Shinkafar da aka sauke da ƙarfe 8 na safe, aka zuba a kula, aka sayar da ƙarfe 3 na yamma tana ɗumi-ɗumi, ta yi wannan tsawon lokaci cif. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin firiji ba.

Ɗumame ba koyaushe yake gyara ɓarna ba. Akwai wata ƙwaya da ke cikin ɗanyar shinkafa wadda takan tsira daga dahuwa. Idan shinkafar ta daɗe a ajiye, sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma zafin ɗumame ba ya lalata ta. Firijin da ake dogara da shi ma yakan zama tarko idan wutar lantarki tana yawan ɗaukewa, domin nama yakan narke ya sake daskarewa ba tare da kowa ya lura ba.

9.3.4 Cuɗanyar Ɗanye da Dafaffe

Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza da su, idan aka yanka tumatir da albasar salak da su ba a wanke ba, an kwashe ƙwayoyin kazar an zuba a cikin abin da ba zai ga wuta ba. A tukuba ma haka abin yake. Tsiren ya gasu, amma idan aka yanka shi a inda aka ajiye ɗanyen nama, aka haɗa da kabejin da ba a wanke ba, aka naɗe a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, aikin wutar ya tashi a banza.

9.3.5 Ƙudaje da Ɓeraye

Ƙuda yakan tashi daga kwata ko juji ya sauka a kan abinci. Ɓera kuma, ban da ɓarnar da yake yi, wani jinsinsa yana yaɗa zazzaɓin Lassa ta hanyar fitsari da kashin da yake bari a kan kayan abinci. An fara gano wannan cuta ne a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu.

9.4 Girman Matsalar

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya a kowace shekara sakamakon gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna mutuwa. Daga cikin masu mutuwar, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Rahoton ya nuna cewa yankin Afirka ne ya fi jin jiki idan aka yi la'akari da yawan jama'a. Waɗannan alƙaluma sun haɗa da abincin gida da na waje, sai dai tukunyar gida iyali ɗaya take ciyarwa, ta gidan abinci kuwa ɗaruruwa.

A Nijeriya, annobar kwalara ta shekarar 2021 ta shafi mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Gurɓataccen ruwa da abinci su ne hanyoyin yaɗuwar wannan cuta.

Wani abin da ke sa a kasa gane tushen ciwo shi ne tsawon lokacin da cuta take ɗauka kafin ta bayyana. Gubar da ke cikin abincin da ya daɗe takan sa amai cikin 'yan awoyi. Kwalara takan ɗauki daga rabin yini zuwa kwana 5. Taifod yakan kai mako 1 zuwa 3, nau'in ciwon hanta da ake ɗauka daga abinci kuwa har ya fi haka. Kafin taifod ya kwantar da mutum ya manta inda ya ci abincin, sai a ɗora laifin a kan shawara ko sammu ko sauyin yanayi.

9.5 Wasu Kura-kuran Fahimta

Na farko shi ne auna tsafta da tsadar wuri. Farin faranti da tebur mai sheƙi suna kwantar da hankali, amma ba su faɗi komai a kan madafa ba. Ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai a gaban mai saye ya fi salak ɗin da ya wuni a cikin gilashi aminci, ko da na biyun ya ninka na farkon kuɗi sau goma.

Na biyu shi ne dogaro da hanci da harshe. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami daban suke da mafi yawan waɗanda ke sa cuta. Abinci yana iya yin ƙamshi da daɗi yana kuma ɗauke da taifod.

Na uku shi ne cewar da ake yi "cikinmu ya saba". Ko da babba ya jure, ƙaramin yaro da tsoho da mai juna biyu da maras lafiya ba su da wannan juriya, su ne kuma gudawa take saurin kayarwa.

Na huɗu ya shafi karin magana. Hausawa suna cewa "hannu da yawa maganin ƙazamar miya". Manufar karin ita ce taron jama'a yakan kawar da abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Hikima ce ta zamantakewa, ba ta kiwon lafiya ba. A zahiri ƙazamar miya idan ta sami hannu da yawa, majinyata ne suke ƙaruwa. Karin da ya dace da wannan fage shi ne "rigakafi ya fi magani".

9.6 Alhakin Wa?

Ta fuskar doka, jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya kula da gidajen cin abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar da abinci a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Jami'an da ke wannan aiki su ne waɗanda Hausawa suke kira duba-gari tun zamanin Turawa, waɗanda dattawa har yanzu suke ba da labarin yadda suke leƙa randa da masai. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta fi shahara da kula da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, kamar ruwan leda da na gwangwani.

Ta fuskar mai abinci, adalci ne a faɗi cewa ba duk gazawa ce take fitowa daga ƙazanta ba. Macen da ke sayen kowace jarkar ruwa, ba ta da firiji, ribarta kuma ba ta taka kara ta karya ba, zubar da ragowar shinkafa asara ce babba a wurinta. Duk da haka akwai gyaran da ba ya cin kuɗi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shi a ƙa'idoji biyar tun shekarar 2001: tsaftace hannu da kayan aiki, raba ɗanye da dafaffe, dafa abinci ya dahu sosai, ajiye shi da zafi sosai ko da sanyi sosai, da amfani da ruwa da kayan miya masu kyau. Wadda ta riƙa dafa kaɗan-kaɗan, ta bar tukunya a kan garwashi, ta sa wani daban karɓar kuɗi, ta cika mafi yawansu.

Ta fuskar mai ci kuwa, sai ya koyi duba abin da ya dace. Abincin yana tururi? A rufe yake? Akwai sabulu da ruwan zubawa? Wane irin ruwa ake wanke kwanuka da shi? Yaya bayan gidan wurin yake? Wurin da ake yawan ciniki abincinsa ba ya daɗewa a ajiye. Idan kuma gudawa ta kama mutum, a gaggauta ba shi ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti.

9.7 Matsayin Malami

Gidan cin abinci na farko da yaro yake sani shi ne gindin bishiyar da masu talla suke zama a lokacin tara. A nan yake fara sayen abinci da kansa, ba uwa ba uba. Babban da ya fi kusa da shi a wannan lokaci shi ne malami. Ke nan idon da al'ada ta rasa, malami yana iya mayar da shi, aƙalla a harabar makarantarsa.

Malami zai iya ba shugaban makaranta shawarar a san kowace mai sayar da abinci da gidan da take dafawa, a keɓe musu wuri nesa da masai da juji, a ajiye buta ko bokiti mai famfo da sabulu. Idan zai yi wa mai abinci gyara, ya ja ta gefe, ya ce "Baba" ko "Iya" cikin girmamawa. Kiran ta ƙazama a gaban yara zai jawo gaba ne kawai, ba gyara ba.

A cikin aji kuma, darasin Hausa yana da ƙofofi da yawa. Ana iya ba da insha'i a kan mai abincin makaranta, ko muhawara a kan abincin gida da na saye, ko gajeren wasan kwaikwayo tsakanin duba-gari da mai tuwo, ko a sa yara su tattaro karin magana masu ambaton tsafta da ƙazanta su tantance su. Ranar 15 ga Oktoba, wadda ake kiyayewa a matsayin Ranar Wanke Hannu ta Duniya tun 2008, dama ce ta gabatar da irin waɗannan ayyuka. Sama da duka, yara suna kallon malaminsu. Idan suka ga ya sa hannu a kwano bai wanke ba, darasin ya rushe.

9.8 Kammalawa

An ga cewa a tsarin gargajiya sanayya da tsoron abin kunya ne suke tsare tsaftar abincin sayarwa, kuma rayuwar birni ta raunana su. An ga kuma cewa ƙyama ba ta isa jagora ba, domin hatsarin yana cikin hannu da ruwa da tsawon lokacin ajiya, waɗanda ido ba ya kama laifinsu. Cin abinci a waje ya zauna, ba za a koma baya ba. Abin da ya rage shi ne a koya wa mai dafawa da mai ci inda za su duba, wannan koyarwa kuwa daga makarantar firamare ta fi kama jiki.

9.9 Tambayoyi

1. Bambance tsakanin tsafta da tsarki da ƙyama, tare da misali ga kowanne.
2. Ta yaya al'ummar Hausawa ta gargajiya take tabbatar da tsaftar abincin sayarwa? Me ya raunana wannan tsari?
3. Bayyana dalilin da ya sa abincin da ya dahu sosai da safe yake iya cutarwa da yamma.
4. Yi sharhi a kan karin maganar "hannu da yawa maganin ƙazamar miya" ta fuskar ma'ana da ta kiwon lafiya.
5. Ziyarci wuraren sayar da abinci guda biyu a harabar kwalejinku, ka rubuta rahoto na shafi biyu bisa ƙa'idoji biyar da aka kawo a 9.6, ba tare da ambaton sunan kowa ba.
6. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan wanke hannu kafin cin abinci.